Injin da Na Cire daga Niƙan Mahaifiyarka

Zongo, Lome
Talata, cikin watan Sha'aban

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa.

Zuwa ga ɗana Abba, daga mahaifinka Garba, wanda a da mutanen Zongo ke ce wa Garba Fita, wato makaniki. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a hanyar da za ka kama, Ya sauke ka Yamai lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Amin.

Bayan haka, ranar Juma'ar da ta wuce Masta Kwami ya zo wurina. Tun daga unguwar Kojobiyakope ya tako da sandarsa, ga tsufa, ya same ni a ƙofar gida ina liƙe bokitin wata mata. Rabon da mu zauna da shi tun kafin rasuwar mahaifiyarka. Ya ce mini, "Garba, ɗanka zai tafi Yamai ranar Alhamis. Shekara biyar ke nan yana garejina. Ya roƙe ni kada in gaya maka, na kuwa riƙe masa. Yau dai na ga bai kamata ya tafi ba ka sani ba." Na tambaye shi ko ka iya aikin. Ya ce hannunka ya fi nawa. Ya kuma ce wani attajiri ne ya ɗauke ka, yana da kamiyo babba na ɗaukar kaya wanda injinsa ya mutu, yana so ka sa masa ƙaramin inji mai silinda huɗu da ya samo, don ba ya shan isansi, wato fetur, da yawa.

Da na ji haka sai bokitin ya faɗi daga hannuna. Tun ranar ban iya cin abincin kirki ba. Na san in na aika a kira ka ba za ka zo ba, kuma ban ga laifinka ba. Shi ya sa na zauna ina rubuta wannan, Masta zai miƙa maka. Idona ya yi rauni, ka yi haƙuri da rubutun. Ba hana ka tafiya zan yi ba. Akwai abin da na ɓoye wa kowa shekara goma sha ɗaya, kai ne ya kamata ka fara ji.

Ka san ni ma a hannun Masta Kwami na koyi aiki. Ana gama yaƙin Turawa, sai motar wani Bature ɗan kasuwa ta kife a hanyar Aneho, ƙaramar mota ƙirar Faransa. Jikinta ya lalace, amma injin bai yi komai ba. Na samo shi, na kwance shi kaf, na wanke, na mayar. Silinda huɗu ne, ɗan ƙarami, mutum biyu za su iya ɗaga shi, in yana aiki kuwa sai ka ce keken ɗinki. Mahaifiyarka Azumi ta ba da 'yan kunnenta na gado aka sayo duwatsun niƙa, ni kuma na ɗora injin a kan katako, na haɗa masa bel, ya zama injin niƙa a rumfar da ke bayan gidanmu. Kana iya tunawa da shi. Matan Zongo da matan ƙabilar Mina na layi da kwanonin masara tun da hantsi. A lokacin ba mu taɓa rasa tuwo ba. Mutane na zuwa kallo, suna cewa Garba ya mayar da mota maniƙa. Wannan yabon ne ya fara lalata ni. Na ɗauka tunda na iya wannan, babu abin da zai gagare ni.

Abba, in aikinka na farko ya yi kyau aka yabe ka, ka gode wa Allah, ka koma ka tambayi wanda ya koya maka ina ne bai yi daidai ba. Ni ban koma ba.

Kakanka Malam Isiyaku, wanda ka ci sunansa, ya shekara arba'in a Lome yana karantarwa. Da tsufa ya kama shi sai ya fara zancen gida. Kullum bayan sallar asuba sai ya ce, "Garba, ina so in mutu inda aka binne uwata." Ƙauyensu na ƙasar Katsina, ni ban taɓa ganinsa ba. Hanyar kuwa ba ɓoyayya ba ce. A shiga jirgin ƙasa zuwa Bilita, daga nan a bi motocin 'yan goro har Sansanin Mango, har Yamai, har gida. Shi Malam ya yarda da haka, har ya fara ɗaure littattafansa. Ni na hana. Na ce ubana ba zai zauna a kan huhun goro ba, alhali ɗansa makaniki ne. Na ce da motata zan kai shi.

Abin da na faɗa da baki ke nan. Abin da ke zuciyata daban ne. So nake in shiga ƙauyen nan ina tuƙi, dangin da ban sani ba su fito su ce ga ɗan Isiyaku da motar da ya haɗa da hannunsa. Don kaina na yi, na laƙaba wa biyayyar uba. Ka kula da wannan ƙwarai, ɗana. Duk lokacin da ka ce don wani kake yin abu, ka tambayi kanka: in aka sami wanda zai yi masa abin nan fiye da ni, zan ji daɗi ko zan ji haushi? In haushi za ka ji, to don kanka kake yi.

A bayan tashar jirgin ƙasa akwai wani kamiyon soja ƙirar Amirka da aka yasar bayan yaƙi. Injinsa mai silinda shida ya fashe, lagiretonsa ya ruɓe, amma ƙarfen ƙasa da tayoyi da giya suna nan lafiya. Na sa aka turo mini shi. Na je na kira Masta Kwami ya gani, ba don ya ba ni shawara ba, don ya yaba. Ya zagaya shi sau biyu, ya sunkuya ya duba ƙasa, sannan ya ce, "Wane inji za ka sa masa?"

Na ce, "Na niƙa."

Ya dube ni. Ya ce, "Garba, injin nan an yi shi ne ya ɗauki Bature ɗaya da matarsa da akwatinsu. Wannan ƙarfen ko babu kaya ya fi ƙarfinsa. Lagiretonsa bai fi faranti ba. A Lome zai tafi, don Lome shimfiɗe take. Ka taɓa ganin hawan dutsen Alejo?"

Na ce, "Masta, zamaninku ya wuce. Ku abin da Bature ya haɗa kawai kuka sani."

Ga mutumin da ya ciyar da ni shekara bakwai, ya koya mini riƙon sifana, shi na gaya wa haka a gaban mutane. Ya ɗauki hularsa ya tafi.

In wanda ya girme ka a sana'a ya ce maka abu ba zai yiwu ba, mai yiwuwa ne ya yi kuskure. Amma kada ka bar shi ya tafi sai ya gaya maka dalilinsa, kai kuma ka samo amsar dalilin. Ni ba ni da amsar hawan Alejo. Rashin kunya na yi masa don ya daina tambaya.

Yanzu sai batun mahaifiyarka. Wata safiyar Asabar na shigo rumfar niƙa da akwatin sifanuna. Mata sun yi layi, Azumi na zuba masara, fuskarta duk gari. Na kashe injin. Ta ce, "Maigida, gyara za a yi?"

Na ce, "Cirewa zan yi."

Ta ce, "A kai shi ina?"

Na ce, "Cikin motar da zan kai Malam gida."

Ta matso kusa don kada matan su ji. Ta ce, "To mu fa? Da me za mu ci?"

Na ce, "Ai ni na haɗa shi."

Ta ce, "Kai ka haɗa shi, gaskiya ne. Amma shi ke riƙe da gidan nan."

Na ce mata wata biyu kawai, in kai Malam in dawo in mayar mata da abinta. Na ƙara da cewa ashe ba ta son surukinta ya ga gida. Da na faɗi haka na san na rufe mata baki, don tana ƙaunar Malam kamar ubanta. Ta juya ta fara mayar wa matan nan kwanoninsu ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowace da sunanta tana ba ta haƙuri. Ni kuwa ina durƙushe ina kwance noti.

Abba, wata rana za ka yi aure in Allah Ya so. Abin da ka ba matarka ya zama nata. In za ka taɓa shi ka roƙe ta, roƙon da za ta iya cewa a'a. Kada ka ɗauko sunan iyaye ko sunan Allah ka toshe mata baki da shi. Shirun da ta yi ranar nan ba yarda ba ce, ni ma na sani tun a lokacin.

Aikin da na ce wata biyu, wata takwas ya ci kafin ma mu tashi. Ƙaramin inji bai dace da giyar babbar mota ba, sai da na samo farantin ƙarfe daga wajen masu aikin jiragen ruwa, na yanka, na huda da hannu, na ɓata uku kafin na huɗu ya zauna. Maƙeri ya yi mini ƙafafun da injin zai tsaya a kai. Kafinta ya yi bodin katako da rumfa. Babban lagireto ban samu ba, sai na bar ƙaramin, na ce zan riƙa ƙara ruwa. Ina cikin wannan damina ta wuce, sanyi ya zo ya wuce. Malam na zaune a kan buzunsa da littattafansa a ɗaure, kullum yana ƙara ramewa. Sau ɗaya ya ce mini, "Garba, ko dai mu bi jirgin?" Na ce saura kaɗan. A gida kuwa mahaifiyarka ta koma dama koko tana kaiwa bakin kasuwa.

Ranar da motar ta tashi, rabin Zongo ya fito. Na kama hanyar bakin teku zuwa Bagida, babu kaya, babu tudu, ga iskar teku na sanyaya injin. Ta tafi sumul. Amma da na dawo na tsaya a ƙofar gida, na ji lagireto na huci. Ka san abin da na yi? Tsumma na ɗauko na rufe murfin, na jingina da motar ina dariya da mutane har suka watse. Injin ya gaya mini gaskiya tun a ranar. Ni kaɗai na ji, na kuwa rufe masa baki kamar yadda na yi wa sauran.

Ka ji wannan a matsayin makaniki. Kada ka gwada mota a inda ka san za ta ci. Ka loda mata kayan da za ta ɗauka, ka ƙara, ka kai ta tudun da ya fi kowane tsayi, da tsakar rana. Abin da ka gani ka faɗa da ƙarfi a gaban mai motar, ko da aikinka ne zai ji kunya.

Mun tashi cikin bazara, lokacin da zafi ya fi tsanani. Na loda akwatunan littattafan Malam, da goro da gishirin tsaraba, da durom na isansi, da tayoyi biyu. Maƙwabta suka kawo saƙonni zuwa arewa, na karɓa duka, don ba zan iya buɗe baki in ce motar ba za ta ɗauka ba. Ban tafi da kowa ba, daga ni sai Malam. Ruwa kuwa, garwa biyu na lagireto, da salkar Malam ta sha, da butarsa ta alwala.

Kwana biyu muka yi kafin Bilita, tafiyar da motocin kirki ke yi a yini. A tashar Bilita wani direba Bazabarme mai suna Hamani ya zo ya leƙa injin, ya leƙa Malam da ke jingine yana numfashi sama sama. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, Yamai za ni gobe. Ka ba ni tsohon nan ya zauna gaba kusa da ni, ba na son komai. Kai ka biyo mu a hankali. Abin nan naka ba zai hau dutse da shi ba."

Direbobi na tsaye suna sauraro. Na ce, "Mun gode, motarmu lafiya take."

Hamani ya wuce ni ya je wurin Malam ya durƙusa ya maimaita masa. Malam ya dube ni. Ya ga fuskata, ya gane. Sai ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, yaro. Zan zauna da ɗana."

Rufa mini asiri ya yi, Abba. Ya san motar ba za ta kai ba, ya zaɓi kada in ji kunya a gaban baƙi. Ni kuma na bar shi ya zaɓa. In Allah Ya aiko maka da taimako a tsakiyar hanya, ka karɓa, ko da daga bakin wanda ya raina aikinka ya fito. Kunyar tasha yini ɗaya ce. Wadda na ɗauko a madadinta har yau tana kaina.

Rana ta huɗu muka wuce Sokode muka fara hawan Alejo. A giya ta ɗaya muke tafiya, mai tafiya da ƙafa zai iya wuce mu. In mun ɗan hau sai ruwa ya tafasa, in tsaya, in sa dutse a bayan taya, in jira, in ƙara ruwa. Kafin azahar garwa biyun nan sun ƙare. Rafukan gefen hanya duk sun bushe. Babu motar da ta wuce mu tun safe. Ina hango inda hawan ya ƙare, ko dai na ɗauka ina hangowa. Na ce a raina saura ƙoƙari ɗaya.

Na dubi salkar Malam da ke rataye. Ya ga inda nake kallo. Leɓunansa sun bushe sun tsage, ga zazzaɓi a jikinsa tun Bilita. Ya ce, "Ita kake so?"

Na ce, "Baba, in muka hau can akwai gari, akwai rijiya."

Ya ce, "To zuba masa."

Ban ce ya fara sha ba. Wallahi ban ce ba. Hankalina na kan injin. Na juye salkar duka, lagireton bai cika ba, na ɗauki butar alwalarsa na ƙara. Ban ma jira injin ya huce ba, abin da ko sabon shiga ya san ba a yi. Na tayar, muka yi tafiyar da ba ta fi daga gidanmu zuwa masallacin Juma'a ba. Sai na ji ƙara kamar an fasa tulu, farin hayaƙi ya turnuƙe. Kan injin ya tsage. Na duba ƙasa na ga ruwan shan ubana na zuba a kan jar ƙasa, haɗe da baƙin mai.

Na sauko da shi, na shimfiɗa masa buzu a inuwar motar. Na ce zan je neman ruwa in dawo yanzu. Ya ce, "Je ka, Allah Ya kiyaye." Maganarsa ta ƙarshe da na ji ke nan. Na ɗauki garwa na yi ta gudu ina faɗuwa. Garin da na ce yana kusa ba kusa yake ba. Da ƙyar na sami wani ƙauyen ƙabilar Kotokoli, wata mata ta cika mini garwar a rijiya, maza huɗu da limaminsu suka biyo ni. Mun iso bayan la'asar. Inuwar ta kauce daga inda na bar shi, yana cikin rana. Ya kwanta a gefen damansa yana fuskantar gabas, rai ya yi halinsa. Tafin hannunsa da fuskarsa duk ƙasa. Limamin ya duba ya ce, "Taimama ya yi." Ko ruwan alwalar sallarsa ta ƙarshe ban bar masa ba.

Da ruwan da na ɗebo aka yi masa wanka. Muka binne shi a nan gefen hanya kafin rana ta faɗi, mu shida. Mutumin da ya karantar da rabin Zongo.

Na bar motar a wurin, da injin da komai, ban da akwatin sifanuna. Littattafan na bar wa limamin. Na dawo Lome a bayan motar doya. Da aka taru ana tambayata, sai na ce Malam ya rasu a gidan wani limami a Sokode, a kan gado, bayan ya sha fura, ana karanta masa Yasin. Har yau ɗalibansa in sun gan ni sai su ce Malam ya yi kyakkyawan ƙarshe, ni kuma in ce Alhamdu lillahi. Wanda ya karɓi ta'aziyya a kan ƙarya, ta'aziyyar ba ta shigarsa. Shekara goma sha ɗaya ana yi mini gaisuwar mutuwar da ba ita aka yi ba. In ka yi kuskuren da ya cuci wani, ka faɗe shi a makon farko. Bayan nan bakin mutum yakan ƙi buɗuwa.

Mahaifiyarka ba ta tambaye ni injin ba sai bayan sadakar arba'in. Tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Maigida, injin fa?" Na ce ya lalace. Ta ce, "To, Allah Ya sa haka ya fi alheri." Ba ta sake tayar da zancen ba har ta bar duniya. Ni kuwa na kasa taɓa inji. In na ji ƙamshin isansi sai in bar wurin. Na koma liƙin bokiti da gyaran fitila, ita ke ɗaukar nauyin gidan da tallar koko, rana da ruwan sama, har tarin nan ya kama ta. Ranar da jikinta ya yi tsanani na shiga ɗakin da niyyar in gaya mata komai, in ce ta yafe mini. Na zauna a bakin gado. Ta dube ni tana jira. Sai na ji bakina ya ce, "Ko a dama miki kunu?" Ta ce a'a. Kwana biyu bayan nan ta rasu.

Ban san ko ta yafe mini ba. Babu kuma wanda zan tambaya. Neman gafara ba a ajiye shi sai an sami ranar da ta dace, ɗana. Ni na jira ranar, ba ta zo ba.

Saura laifin da na yi maka. Kana da shekara goma sha biyar na same ka a bayan gida ka buɗe tsohon akwatin sifanuna, kana jera su a kan tabarma, kana murna. Na mare ka har ka faɗi. Na ce in ka sake taɓa ƙarfen mota ba ni ba kai, ban yafe ba duniya da lahira. Ka tambaye ni, "Baba, me na yi?" Ba ka yi komai ba. Na ga hannunka a kan sifana ne, na ga nawa. Daga ranar ka daina zama kusa da ni, daga baya ka koma kwana wurin abokanka, ni kuma girman kai ya hana ni nemanka. Na ɗauka in na raba ka da inji na tsare ka. Ashe inji bai yi laifin komai ba. Ya yi iyakar ƙarfinsa, ya kuma yi ta gargaɗi tun daga Bagida.

To ka ji da kyau, na kuma faɗa a gaban Masta Kwami da limamin unguwa don su zama shaida: na janye maganar nan. Na yafe maka abin da ma ba laifi ba ne. Sana'arka halal ce, na sa mata albarka. Akwatin sifanun na ba Masta ya haɗa maka da takardar nan. In ba ka so, ka bar wa wani.

Game da aikin attajirin nan, ban ce ƙaramin inji ba shi da amfani ba. Mai silinda huɗu abin kirki ne in an sa shi inda ya dace. Ka sa shi a ƙaramar mota marar nauyi, ko famfon ruwa, ko niƙa, zai yi shekaru yana yi maka biyayya. Amma kafin ka ɗaura noti ɗaya, ka san nauyin motar, ka san kayan da za a ɗora mata, ka san hanyar da za ta bi. Attajiri zai ce maka kaya kaɗan ne. Ba kaɗan ba ne, ranar da ka juya baya zai ninka. Ka nemi lagireton da ya fi wanda kake ganin ya isa. Ka duba birki kafin ka duba gudu. In lissafinka ya nuna ba zai ja ba, ka ce masa ba zai ja ba. In ya ce wani zai yi, ka bar wa wanin, ko da za ka dawo Lome da rigar jikinka kawai. Mutane ne za su hau motar nan, da tsofaffi da masu ciki, ba kuma za su san abin da ke ƙarƙashin murfin ba. Kai kaɗai ka sani. Kuma duk tsananin da za ka shiga a hanya, ruwan shan mutum ba na inji ba ne.

Ban sa rai za ka amsa mini ba. Ban ma sa rai za mu sake ganawa ba, don tarin da ya ɗauki mahaifiyarka ya fara yi mini sallama, ƙafafuna kuma na kumbura. Ban rubuta don ka ji tausayina ka fasa tafiya ba. Ka tafi. Zongo ba ta da abin da za ta ba ka, ni ma haka. In bayan ka karanta ka ji ka tsane ni fiye da da, hakkinka ne. In ka ga ya dace ka gaya wa ɗaliban Malam gaskiya, ka gaya musu, ni na kasa.

Abu ɗaya nake roƙo. Motarku za ta bi ta Alejo. In kun wuce Sokode kun fara hawa, wajen tsakiyar hawan, ta hannun dama, akwai wata ɗorawa mai reshe biyu, da wani baƙin dutse mai faɗi a gindinta. Kabarin na gabas da dutsen, taku kamar goma. Mun jera masa duwatsu. Ni ban taɓa komawa ba. Sau uku ina zuwa tasha in juyo. Ka roƙi direba ya tsaya ko na ɗan lokaci ne, ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka gaya masa kai ne mai sunansa. An ce an faɗaɗa hanyar, mai yiwuwa an sare itacen, mai yiwuwa ba za ka ga komai ba. In ba ka same shi ba, kada ka aiko a ce mini ka samu don hankalina ya kwanta. Ka faɗi yadda ka gani.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Allah Ya tsare ka daga girman kai irin nawa. Allah Ya sa kada ran kowa ya salwanta ta hannunka. Allah Ya ba ka abokan zama masu gaya maka gaskiya, Ya ba ka kunnen jin ta. Allah Ya jiƙan Malam, Ya jiƙan Azumi, Ya sa su fi ni samun sauƙi a wurinSa. Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya. Amin, amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba